Zanen gado a baje kolin jiragen ƙasa? Haba jama'a!

Kun ga hotunan da na sa jiya daga baje kolin ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo na unguwarmu a nan Ingila, na kuma ga masu cewa na cika tsanani. To ban janye ba. Wanda ya rataya zanen gado a gaban teburin nan da aka shimfiɗa layin jirgi a kansa bai kyauta ba, ko shi wane ne.

Mutum ya shekara biyu yana gina tasha a ma'aunin OO, komai an rage shi sau 76, tsakanin ƙarafan dogon milimita 16.5 kacal. Ya shafa wa taragai tsatsar ƙarya har ka rantse sun shekara talatin suna dakon kwal. Sai ranar nuni ya kwaso zanen ɗakin baƙi, ruwan hoda mai manyan furanni, ya maƙala da fil. Madalla! Saura matashin kai da bargo, mu kwanta.

Yadin gaban tebur yana cikin aikin, na faɗa na kuma. Baƙi ake sawa ko shuɗi mai duhu, ya ɓoye ƙafafun tebur da kwalaye da tarin wayoyi, ido ya tsaya a kan jirgi. A ƙarƙashin nan akwai taransifoma da soket, shi ya sa masu shirya nuni kan nemi yadin da ba ya saurin kama wuta. A manna shi da Velcro, wato maɗaurin nan mai mannewa da ake gani a takalman yara, ya tsaya kamar yatsa biyu sama da ƙasa. Na jiya jan ƙasa yake. Wani yaro ya taka, fil ya fita, tarago uku suka sauka daga layi, sai ga filas ɗin shayi da ledar burodi a bainar jama'a. Ga zare da zanen gado ke zubarwa, ya hau dogo ya naɗe a tayar inji, jirgi ya riƙa tsayawa kamar mai shaƙuwa.

Wai babu kuɗi. Wanda ya sayi kan jirgin kamfanin Hornby sama da fam ɗari ne zai ce yadi mita huɗu ya gagare shi? Wai jirgi aka zo kallo. To ai shi nake faɗa, furannin ne suka hana kallon.

Tsakani da Allah, dattawan da ke nuna jiragen nan mutanen kirki ne. Ɗaya daga cikinsu ya miƙa wa ɗana na'urar tuƙi, ya tsaya kansa minti ashirin bai gaji ba. Kuma tsufa na cin harkar: babban nunin ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Warley da ake yi a zauren baje koli na NEC a Birmingham ya tsaya bayan na 2023, masu shirya shi suka ce shekaru sun ja. Dole mu riƙe waɗannan ƙananan da kyau, shi ya sa raina ya ɓaci.

Ni dai burina in gina tashar Kano, inda jirgi ya iso a 1911, da dalar gyaɗa a gefe. Faɗin tsohon layinmu ƙafa uku da rabi ne, in na yi ma'aunin 1 cikin 64 dogon milimita 16.5 zai zauna daidai. Buhunan ne suka hana ni barci. Na gwada wake na shafa masa fenti, wata biyu ƙwari suka huda shi. Wa ke da dabara?