Mai gida da dillali: wanda ya ɗauki wakili shi ya kamata ya biya shi

Duk wanda ya taɓa zama da masu gidajen haya a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san kukan da suke yi da dillalai, domin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Wannan zai ce ya faɗi kuɗin gidansa amma dillali ya ɗora nasa a kai bai sanar da shi ba, wancan zai ce an saka masa mutumin da ba a san asalinsa ba, wani kuma zai ce ɗan haya ya biya tun watanni amma kuɗin yana hannun ejan yana juyawa. Su ma dillalan, idan ka same su a rumfarsu, ba za su rasa abin faɗa ba: masu gida ba su biyan ko sisi, suna raba gida ɗaya ga dillalai biyar, kuma da zarar an kawo musu mai so sai su zagaye su gama ciniki ta bayan fage. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma ni a ganina halin mutane ba shi ne tushen matsalar ba, domin akwai masu gaskiya da yawa a ɓangarorin biyu. Tushenta shi ne yadda muka tsara harkar: dillali wakilin mai gida ne, amma ɗan haya ke biyan sa, kuma sau ɗaya ake biyan sa, ranar shiga.

A duba yadda abin ke gudana a unguwanni irin su Naibawa, Hotoro, Rijiyar Zaki ko Rigasa. Mai gida ya gama gini ko ɗan hayarsa ya tashi, sai ya kira wani dillalin da ya sani ya ce masa, "Akwai ciki da falo a wurina, ka samo mini mutumin kirki." Iyakar yarjejeniyar ke nan, babu takarda, babu shaida, babu maganar nawa za a biya wa. Dillalin ya rubuta gidan da alli a allon da ya jingina a bakin titi, ko ya saka hotonsa a WhatsApp, kafin yamma abokan sana'arsa uku ko huɗu sun ɗauka suna tallatawa. Mai neman gida zai faɗa hannun na ƙarshe a jerin, wanda watakila bai taɓa ganin mai gidan ba, ya biya shi kuɗin dubawa da kuɗin mota, sannan idan an daidaita ya biya la'ada, wadda a al'ada kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin shekara, a wasu wuraren kuma har da kuɗin lauya da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Wannan kashi 10 ɗin shi za a raba wa duk waɗanda suka sa hannu, kuma idan rabon ya yi kaɗan sai a ƙara wani abu a kan kuɗin hayar ba da sanin mai gida ba.

A wannan tsarin, abin da ke amfanar mai gida daban, abin da ke amfanar dillali daban. Mai gida yana son ɗan haya da zai daɗe, ya riƙe gidan da kyau, ya biya a kan lokaci. Dillali kuwa ba ya samun komai daga ɗan hayar da ya shekara bakwai lafiya lau, abincinsa yana ranar da wani ya fita wani ya shiga. A ce gidan naira dubu 600 ne a shekara. Idan tsohon ɗan haya ya sabunta, dillali bai sami ko kwabo ba, ko kuma ya sami ɗan abin da aka ga dama. Idan kuwa ya shawo kan mai gida cewa gidan ya kai dubu 900 yanzu, tsohon ya kasa ya tashi, sabo ya shigo, to dubu 90 ta faɗo masa. Mai gidan zai ji daɗin ƙarin a ranar, amma bai cika lissafa watannin da gidan zai zauna a rufe ba, da fenti da gyaran da sabon shiga zai nema, da kuma kasadar musanya wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ba sai dillali ya zama mugu zai ba da irin wannan shawara ba, ya isa a ce yana da iyali da zai ciyar.

Haka abin yake wajen tantance ɗan haya, wanda shi ne babban abin da masu gida ke ƙorafi a kai. Dillalin da zai karɓi la'adarsa yau, kuma babu abin da zai same shi idan mutumin ya daina biya bayan shekara, me zai sa ya ɓata kwana biyu yana bincike a wurin aikin mutumin ko wurin tsohon mai gidansa? Idan ya ƙi wanda ya zo da kuɗi a hannu, wani dillalin da shi ma aka ba shi gidan zai karɓe shi kafin la'asar. Mai gidan da ya raba gidansa ga mutum biyar ya mayar da abin tsere, kuma a tsere ba a tsayawa tambayar hali.

Inda lamarin ya fi muni shi ne wajen masu gidan da ba sa gari, ma'aikatan da ke Abuja ko Legas, 'yan kasuwar da ke Saudiyya ko Dubai, da kuma zawarawa da marayun da suka gaji gida ba su san kan harkar ba. Waɗannan sukan damƙa komai a hannun mutum ɗaya, ya saka ɗan haya, ya karɓi kuɗi, ya yi gyara. Na ga yadda irin wannan ta ƙare a gaban wani mai unguwa. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar musu gida mai sassa huɗu ta kawo ƙarar 'yan hayarta cewa sun ƙi biya, aka tara su, sai ɗaya daga cikinsu ya zaro rasit daga cikin leda, ɗayan kuma ya buɗe wayarsa ya nuna shaidar tura kuɗi zuwa asusun dillali. Shi kuwa dillalin ya ce ya kashe kuɗin wajen kwashe sokawe da gyaran kwanon da ke yoyo, aka ce ya kawo lissafi, babu. Mai yiwuwa ya yi wani ɓangare na gyaran da gaske, amma babu mai iya tabbatarwa, domin tun farko ba a taɓa ce masa ga iyakar abin da zai kashe ba tare da ya tambaya ba, ba a kuma yanka masa ladan kula da gidan ba. Mutumin da aka ba shi aiki ba a ba shi lada ba yakan yanka wa kansa, kuma ba ya yanka kaɗan.

A nan ne nake ganin masu gida suna bukatar su ji maganar da ba su cika son ji ba. Aikin dillali aiki ne na gaske. Shi ke yawo a rana yana buɗe gida ɗaya sau goma ga mutanen da ba za su kama ba, shi ake kira da dare idan famfo ya fashe ko maƙwabta sun yi faɗa a kan kuɗin wuta, shi ake turawa ya kai takardar notis ya sha zagi a madadin wanda ke zaune a falonsa. Da yawa daga masu gida suna amfani da dillali a matsayin garkuwa: su ne suka ƙara kuɗi, amma idan ɗan haya ya zo roƙo sai su ce ejan ne ya yi, su ba su da masaniya. Wasu kuma suna gindaya sharuɗɗan da ba za su iya faɗa da bakinsu ba, kada a kawo gwauro, kada a kawo bazawara, kada a kawo ɗan wata ƙabila, sai dillali ya ɗauki baƙin jinin. Bayan duk wannan, idan mai neman gida ya gano ƙofar mai gidan ya je kai tsaye, sai a karɓi kuɗinsa a ce ai ba a san da zaman wani dillali ba. Wanda aka yi wa haka sau biyu zai koyi ɓoye mai gida daga ɗan haya da ɓoye ɗan haya daga mai gida, kuma a cikin wannan duhun ne ƙarin kuɗi na ɓoye yake rayuwa.

Tsadar rayuwa ta ƙara tsananta abin. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, siminti da rodi da kwano suka yi tashin gwauron zabi, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Mai gida yana ganin kuɗin hayarsa ba ya isar gyara, dillali yana ganin kuɗin man da yake ƙonawa a babur ya ninka, kowa sai ya juya ga wanda ba shi da bakin magana a tsakaninsu, wato ɗan haya.

Dillanci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma magabata sun fi mu tsara shi. A fataucin goro da shanu, daga Kano zuwa zangunan Hausawa irin su Sabo ta Ibadan da Kumasi, baƙon ɗan kasuwa yakan sauka a hannun wani babba da aka sani, dillalai suna aiki a ƙarƙashinsa, an san la'adar kowa, kuma idan mai saye ya ci bashi ya ƙi biya akwai wanda za a riƙe. Abin da ya riƙe wannan tsarin shi ne kowane dillali yana da wanda ya tsaya masa da kuma sunan da zai rasa. A yau duk mai waya da babur zai iya wayar gari ya ce shi ejan ne. A shari'a ma malamai sun halatta ladan dillanci, amma a matsayin wakilci da amana, da lada sananne, kuma wakili ba shi da ikon ya ɗora riba a ɓoye a kan dukiyar wanda ya wakilta shi. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umurce mu da rubuta bashi, mu kuwa muna miƙa gidan miliyoyin naira da baki kawai, muna jin kunyar neman takarda wai kada a ce ba mu yarda da mutum ba.

Ta fuskar doka, Najeriya tana da hukumar rajistar masana ƙima da kula da gidaje, ESVARBON, wadda aka kafa a 1975, da ƙungiyarsu ta NIESV da ta girme ta da shekara shida. Sai dai 'yan waɗannan suna kan manyan gine-gine da rukunin gidaje, mai ciki da falo a Ɗorayi ko Tudun Wada ba ya zuwa wurinsu. Legas ta fi kowa matsawa gaba: dokar hayarta ta 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma ce wanda ya ɗauki ƙwararre a kan yarjejeniyar haya shi zai biya shi, daga baya jihar ta kafa hukumar LASRERA domin rajistar dillalai. Duk da haka har yau ɗan haya ne ke biyan la'ada a Legas, abin da ke nuna cewa rubuta doka ba ya isa idan gidaje sun yi kaɗan masu nema sun yi yawa. Jamus ta ɗauki ƙa'idar wanda ya ɗauki dillali shi ke biya a 2015, Ingila kuma ta haramta karɓar yawancin irin waɗannan kuɗaɗe daga ɗan haya a 2019.

Na san abin da za a ce: idan mai gida ne zai biya, ai sai ya ɗora a kan kuɗin haya, ɗan haya dai ya biya ta wata ƙofar. Akwai gaskiya a ciki, wani ɓangare zai koma can. Amma bambancin yana wajen wanda zai yi cinikin la'adar. Ɗan hayar da aka ba shi notis, ko angon da biki ya ƙarato, ba shi da ƙarfin tayawa, duk abin da aka ce zai biya. Mai gida kuwa yana da zaɓi, zai iya tayawa, zai iya sauya dillali, kuma tunda kuɗin daga aljihunsa yake fita zai fara tambayar me aka yi masa da shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, dillalin da ya san mai gida ne ke biyan sa ya san wa zai ba amsa. Akwai kuma masu cewa dillalin da mai neman gida ya ɗauka da kansa fa? Wannan a fili yake, shi ya ɗauke shi, shi zai biya shi, abin da ba daidai ba shi ne mutum ɗaya ya ci ta hannu biyu ba tare da ɗayansu ya sani ba.

Ba sai an jira majalisar dokokin jiha ba kafin a fara. Mai gida ya zaɓi dillali ɗaya ya ba shi gidan na wani lokaci sananne, wata biyu ko uku, a takarda mai shafi ɗaya da shaidu, a rubuta kuɗin hayar da la'adar, a kuma rubuta cewa duk wanda dillalin ya kawo a wannan lokacin haƙƙinsa ya tabbata ko da an gama cinikin a bayansa. Kuɗin haya ya shiga asusun mai gida kai tsaye, rasit ya fito da sunansa. Idan ana son dillalin ya ci gaba da kula da gidan, wannan aiki ne na daban da ladansa na daban a kowace shekara, muddin ɗan haya yana ciki yana biya, tare da iyakar abin da zai kashe a gyara ba tare da izini ba. Da wannan tsarin, dillali zai fara cin riba daga zaman ɗan haya maimakon tashinsa. Ƙungiyoyin dillalai da ke unguwanni, su kuma, idan suna son a daina yi wa sana'arsu kuɗin goro, su ajiye rajistar 'ya'yansu a wurin masu unguwanni da dagatai, yadda bazawarar da aka riƙe wa kuɗin haya za ta san ƙofar da za ta buga tun kafin maganar ta kai kotu.