Kafin ka ɗaga tutar Rasha, ka taɓa jin sunan Imam Shamil?

Daren jiya musu ya kaure a teburin mai shayin unguwarmu, har na kwanta maganar wani ƙanenmu tana yi min yawo a kai. Cewa ya yi, "Yaya, ku ƙyale mu da Rasha. Ita kaɗai ce a cikin Turawa ba ta taɓa yi wa kowa mulkin mallaka ba." Da iya gaskiyarsa ya faɗa, har ya zaro waya ya nuna mana bidiyon nan na Putin yana sumbatar Alƙur'ani a wani masallaci a Grozny, babban birnin Checheniya. Yaron nan, a watan Agustan 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, da idona na gan shi riƙe da ƙyalle mai fari da shuɗi da ja, ɗinkin gaggawa, zare yana ta reto a gefe. Ranar na tambaye shi me ya sani game da ƙasar, ya yi dariya ya ce ai ba jarrabawa ya fito ba.

Ban ga laifinsa sosai ba. Wanda yunwa ta gasa wa aya a hannu, ko ɗan Nijar da ya buɗi ido ya ga Faransa tana kwasar yuraniyom a Arlit alhali garinsu babu wuta, duk wanda ya ɗaga wa Bature yatsa gwarzonsa ne. Amma maganar nan ta "ba ta taɓa mulkin mallaka ba" ita ce ba zan haɗiye ba.

Gaskiya ne Rasha ba ta mallaki ko taku ɗaya a Afirka ba, duk da cewa tana zaune a taron Berlin na 1884 da aka yi watandar nahiyar. Dalili kuwa ba tausayi ba ne. Ingila da Faransa jirgin ruwa suka hau suka tafi neman ƙasar wasu. Ita Rasha ba ta buƙaci jirgi ba, maƙwabta ta riƙa haɗiyewa da doki da igwa, har ta zama ƙasa mafi faɗi a duniya, sama da murabba'in kilomita miliyan 17. Kuma da yawa daga cikin waɗanda ta haɗiye Musulmi ne. A 1552 Sarki Ivan ya ci Kazan, birnin Musulmin Tatar. Cocin nan mai ƙubbobi kala-kala da ke tsakiyar Mosko, wadda ake ɗaukar hoto a gabanta, murnar wannan nasarar ce ta sa aka gina ta. Tashkent ta faɗi a 1865, Samarkand a 1868, a shekarar kuma Bukhara, garin Imamul Bukhari da muke karanta littafinsa a zaure, ta koma ƙarƙashin ikon Rasha.

Sai Imam Shamil. Mutumin Dagestan ne, ɗan ɗariƙar Naƙshabandiyya. An yi masa mubaya'a a 1834, wato Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana raye a lokacin. Shekara 25 cur yana fafatawa da sojojin Rasha a duwatsun Kaukasus, shi da mutanen Dagestan da na Checheniya, ana ƙone musu ƙauyuka ana sare musu daji don kada su sami wurin ɓuya. A 1859 aka ritsa shi a kan dutsen Gunib ya miƙa wuya. Ya yi shekaru a tsare a hannunsu kafin su bar shi ya tafi Hajji, ya rasu a Madina a 1871. Mu da muke jin zafin abin da ya faru da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ban ga yadda za mu ji wannan labari mu ce ba mulkin mallaka ba ne. Idan Lugga ya yi mulkin mallaka ne, idan janar ɗin Rasha ya yi kuma sai mu sa masa wani suna?

Abin bai tsaya a zamanin sarakuna ba. Ranar 23 ga Fabrairun 1944, cikin tsananin sanyi, Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya sa aka kwashe al'ummar Checheniya da Ingush kakaf, kusan mutum rabin miliyan, aka cusa su a taragon dabbobi zuwa Kazakhstan da Kirgistan. Tsofaffi da jarirai sun yi ta mutuwa a hanya. Ba a yarda su koma gida ba sai 1957. A watan Mayun 1944 ɗin aka yi wa Tatar ɗin Kirimiya irin haka. Ita kanta Grozny da ƙanenmu yake nuna mana a waya, sau biyu jiragen Rasha suka mai da ita kufai, a yaƙin da aka fara a 1994 da wanda aka fara a 1999, na biyun kuma a hannun Putin ɗin ne.

Kada wani ya ce Amurka ce ta biya ni, don na san halin mutanenmu. Tsakani da Allah Rashawa suna da abin a yaba. Lokacin yaƙin basasa, da Ingila take jan ƙafa Amurka kuma ta ƙi sayar wa Gowon makamai, Tarayyar Sobiyet ce ta kawo jiragen MiG a 1967. Ita ta tsaya wa masu yaƙin neman 'yanci a Angola da Mozambik da Afirka ta Kudu. Ɗalibanmu da yawa sun yi karatun likita da injiniya kyauta a can. Kamfaninsu ne ya kama aikin Ajaokuta a 1979, kuma rashin gama shi, mu ji tsoron Allah, yawancin laifin namu ne. Mutane ne da suka rasa rai kusan miliyan 27 a yaƙi da Hitler. Da tarayyar ta wargaje a 1991, tsoho ya wayi gari ajiyarsa ta shekara talatin ba ta sayen abin kirki, 'yan tsiraru suka wawashe masana'antun gwamnati, a 1998 kuɗinsu ya sake faɗuwa warwas. Wanda ya ga SAP, tsarin tsuke bakin aljihu na zamanin Babangida, zai gane abin da ya sa suka rungumi Putin da ya ce zai dawo musu da martaba.

Amma martabar Rasha ya yi alkawari, ba ta Kano ko Yamai ba. Ku tambayi Bashar Assad, tsohon shugaban Siriya. Tun 2015 jiragen Rasha suke riƙe da kujerarsa, da yaƙin Yukiren ya sha musu kai, a watan Disambar 2024 iyakar abin da suka iya ba shi shi ne masauki a Mosko. A Mali kuwa, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a Moura a watan Maris na 2022, a farmakin da sojojin ƙasar suka kai tare da fararen fata. Kowa ya san fararen fatar nan sojojin hayar Rasha ne, kuma kowa ya san ranar cin kasuwar garin ce.

Ba duka na faɗa wa ƙanen nan namu ba, shayi ya huce, mai shayi ma yana neman tashi. Sunan Shamil kawai na rubuta masa a waya na ce ya bincika. Bayan Asuba sai ga saƙon murya daga gare shi: "Yaya, wai da gaske a Baƙi'a kabarinsa yake?" Na ce masa e, a nan yake. Har yanzu dai hoton Putin ne a fuskar WhatsApp ɗinsa.