Emuleta da satar fasaha: inda nake tare da kamfanoni, da inda muka raba hanya

Jiya da la'asar a Mabera na tarar da ɗan ƙanwata ya duƙufa kan wata Tecno mai fasasshen gilashi, yana buga ƙwallon PES. Na ce ina ya samo. Ya ce, "Kawu, PPSSPP ce, a shagon caji aka tura mini har da gem ɗin." Wayarsa ta rikiɗe ta koma PSP, na'urar da Sony ta fitar a 2004, wadda yaron bai taɓa riƙewa ba. Aikin emuleta ke nan, manhaja ce da ke kwaikwayon wata na'ura har gem ya zaci a gidansu yake.

Kamfanonin gem sun tsani abin nan, kuma na san abin da ke ci musu rai, don ni ma rubuta manhaja ce sana'ata. Na taɓa ɓata watanni ina haɗa manhajar fitar da sakamakon jarrabawa, da zafin Sakkwato da ɗaukewar wuta, na sayar wa makaranta ɗaya. Shekara ba ta zagayo ba na gan ta a wasu makarantun, an kwashe a filash, ko sannu babu. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Saboda haka da kamfanin gem na Nintendo ya kai masu Yuzu, emuletar da ke kwaikwayon na'urarsa ta Switch, kotu a 2024, ban tausaya musu sosai ba. Switch tana kasuwa ana sayarwa, kuma Nintendo ta ce an sauke sabon gem ɗinta na Zelda fiye da sau miliyan ɗaya tun kafin ranar fitowarsa a 2023. Masu Yuzu suka amince da biyan dala miliyan 2.4, suka rufe. Mu da muka ga yadda tura fim a waya ya durƙusar da kasuwar faifan Kannywood, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin masu emuleta a garin nan ba su sayi gem ko ɗaya ba.

Amma a ce manhajar kanta sata ce, nan na ƙi. Wuƙar mahauci ba ta zama ta ɗan ta'adda don wani ya yi ɓarna da irinta. Sony ta gwada wannan hujjar kan kamfanin Connectix, wanda ya yi emuletar na'urarta ta PlayStation, kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ƙi goyon bayanta a 2000. Bleem ma, wani kamfanin emuletar PlayStation da Sony ta kai ƙara, bai faɗi a kotu ba, kuɗin shari'a ne ya karya shi a 2001. Abin da ya fi ba ni takaici, da Sony ta tashi sayar da PlayStation Classic, ƙaramar na'ura mai ɗauke da tsofaffin gem, a 2018, emuletar PCSX da 'yan sa-kai suka rubuta kyauta ta saka a ciki. Nintendo ma da emuleta take sayar da tsofaffin gem ɗinta tun zamanin na'urarta ta Wii.

Wani binciken Video Game History Foundation, gidauniyar adana tarihin gem, na 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na gem ɗin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Basakkwace ya san darajar mai kwafa. Rubuce-rubucen Shehu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u sun iso mana ne don almajirai sun zauna da alƙalami da tawada sun yi ta kwafa. Ba na haɗa gem da ilimin malamai, Allah Ya kiyaye, amma faifai ma yana lalacewa kamar yadda gara ke cin takarda.

Na so in yi wa yaron faɗa, sai na tsaya. Sony ta daina fitar da PSP tun 2014. In na zaro kuɗi yau na ce zan biya haƙƙin wannan gem ɗin da nairata, daga Mabera, ban ga hannun da zan miƙa wa ba.