Ku Daina Zagin Waɗanda Suka Share Muku Hanya

A makon jiya, a harabar tsohuwar Kwalejin Katsina, na ji wani saurayi yana gaya wa abokansa cewa duk waɗanda suka yi karatu a ginin nan yaran Turawa ne da suka sayar da addininsu, abokan kuma suna ta shewa. Ƙannena, wannan ɗabi'a ta yanke wa magabata hukunci ba tare da sanin tarihinsu ba ta ishe ni.

An buɗe kwalejin nan a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, lokacin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu don gudun boko, kuma tsoronsu yana da dalili, domin sun ga wanda ya kawo shi. Amma waɗanda suka shiga, irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur, da karatun allonsu suka shiga, da shi kuma suka fito. Sa'adu, wanda malami ne ɗan malamai, ya koma Bauchi yana tara matasa ana muhawara kan zaluncin mulki, har hukuma ta tsargu. A Kano an kafa makarantar shari'a a 1934, aka ɗauko malamai daga Sudan don a horar da alƙalai, daga baya kuma Malam Aminu Kano da abokansa suka dage kan makarantun Islamiyya masu aji da allon bango, har da 'ya'ya mata. Waɗannan ne yaran Turawan?

Rashin sani ya fi dare duhu. Yaron da bai sauke izu biyar ba, wanda sai da satar amsa ya haye jarrabawa, shi ne zai ɗauki waya ya kafirta mutumin da ya haddace Ishiriniya. Magabatan nan sun yi kurakurai, babu shakka, kuma su kansu sun yi wa juna suka mai zafi, amma da hujja suke yi, bayan sun yi karatu.

Ku nemi sani, ku zauna da dattawa tun suna raye. Garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani ne wannan, inda a da almajiri ba ya ambaton malamin da ya rasu sai ya haɗa da addu'a. Yanzu kuwa baki ya riga karatu, kuma manyan da ya kamata su tsawata sun zuba ido.