Ranar da silin ɗin Fijo ya naɗa mini rawani

Amurkawa suna da wata sana'ar marasa jin magana da suke kira hot rod: a ɗauko tsohuwar Ford ta 1932, a cusa mata injin da ya fi ƙarfinta, a ɗinka mata kujeru masu layi-layi kamar kunyoyin gona. Ɗinkin ya yi tashe a Kalifoniya a shekarun 1950, har samari na tsallaka iyaka zuwa Tijuwana ta Meziko don a yi musu shi da araha. Ni ba ni da Ford, Tijuwana kuma ta yi nisa. Abin da nake da shi Fijo 504 ce haɗin Kaduna, wadda ta daɗe a gindin darbejiya tana bai wa kaji masauki, sai keken ɗinkin uwargida, sai waya cike da bidiyo.

Na sayo yadi 12 na jar leda mai faɗin inci 54, soso mai kaurin rabin inci, filawud mai milimita 3 guda biyu, da galan ɗaya na gam. Maƙalan ƙofa kuma na tsinto su a Panteka.

Daɓen motar bai ba ni wahala ba. An cire kujeru, an yaye ruɓaɓɓen kafet, an kankare tsatsa da buroshin ƙarfe da samfefa, an shafa jan fentin hana tsatsa hannu biyu. Wayoyi a ja su tun kafin kafet ya kwanta. A nan na tsinci naira ɗaya ta ƙarfe mai hoton Herbert Macaulay, ita kaɗai ce ribar da aikin ya kawo.

Rigima ta fara a kan keke. Keken gida haƙoran ƙasa kaɗai ke jan yadi, ƙafar sama dannewa kawai take yi. A kan atamfa babu laifi. Leda kuwa manne wa ƙafar take yi, soso na tafiya ita tana tsaye, sai ɗinki ya tattare kamar goshin mai bin bashi. Masu kushin suna aiki da keke mai ƙafa mai tafiya, wanda ke jan sama da ƙasa lokaci guda, da allura lamba 20 zuwa 22. Ni lamba 14 na saka. Na karya huɗu kafin azahar.

"Maigida, keken nan fa na lefe ne," in ji uwargida daga bakin ƙofa.

Na ce mata aikin maza ne. Sai na rage tsawon ɗinki zuwa milimita 2 don ya yi ƙarfi. Ashe kowane hujin allura a leda dawwamamme ne, in suka yi kusa da juna sun zama layin yaga irin na rasit. Ja ɗaya na yi, ledar ta rabu gida biyu, tsaf, ko almakashi bai kai haka iya yanka ba. Abin da ake so milimita 5 zuwa 6 ne, da zaren foliyesta mai kauri, don na nailan rana na cinye shi.

Da na karɓo aron keken da ya dace, sai lissafi ya kama ni. Faɗin tsakiyar kujerar baya santimita 120, na yanka leda 120 cif, na ja layuka da alli kowane santimita 5. Abin da bidiyo bai tsaya ya faɗa ba shi ne, duk layin da aka ɗinka a kan soso yana tsuke leda da kusan milimita 3. Layi ashirin da wani abu, santimita 7 sun tafi ba sallama. Rigar ta fito kamar kayan sallar bara a jikin yaron da ya yi tsawo. Na shanya ta a rana ta yi laushi, na sa gwiwa na ja, ta rufe dama ta buɗe hagu. Ƙa'idar ita ce a yanka da rara, a ɗinka layukan tukuna, sannan a ɗora zanen kwali a fitar da girman gaskiya. Yadi biyu suka tafi a wannan karatun.

Bangon ƙofa ya fi sauƙi, shi ya sa na yi shi da girman kai. Ana ɗora tsohon a kan filawud a zana, a huda gurbin mariƙi da na abin ɗaga gilas, a manna leda ta roba a jikin ƙarfen ƙofar don ruwan da ke bin gilas kada ya jiƙa katako. Na lulluɓe guda biyu suka yi kyau kamar na kanti. Da na zo ɗaurawa sai na ga duk na hagu ne, ban juya zanen ba. Maƙalai uku kuma suka karye, na maye gurbinsu da sukurori masu milimita 25. Gilas ya sauko rabi ya tsaya yana ƙara, tsinin sukuru ya tare masa hanya.

Saura silin. Na 504 ba manna shi ake yi a rufi ba, rataye yake a kan sandunan ƙarfe da ake zurawa cikin aljihunan da aka ɗinka a bayansa, gefunansa kuma su shige ƙarƙashin robar gilas. Sandunan ba tsawonsu ɗaya ba, dole a sa musu lamba kafin a cire. Nawa na tara su a kusurwa, yara suka yi wasan takobi da biyu. Na ce ai ga gam. Gam irin wannan ana shafa shi fuska biyu, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. Ni na shafa fuska ɗaya, na manna yana ɗanye, na tokare da muciya da tabarya har safe. Ya zauna lafiya lau.

Ranar Juma'a na ɗauki surukina zuwa masallaci don ya ga aiki. Watan Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana, rufin mota ya yi zafin da za a soya ƙwai. Irin wannan zafin narkar da gam na gama-gari yake yi, sai mai jure zafi ke tsayawa, shi ma ba a ɗora masa nauyin leda da soso. Mun tsaya a danja sai na ji abu mai ɗumi ya sauka a hulata, ya zarce kafaɗa.

Surukina bai motsa ba. Daga ƙarƙashin jar leda na ji muryarsa a natse.

"Yaro, sauke gilas mu sha iska."

Gilas ɗin gefensa shi ne mai sukuru.