Sai da inji ya cinye masa yatsu ya zama ɗan kwangila?

Kun dai ga abin da na rubuta shekaranjiya kan ɗan yayata da inji ya datse wa yatsu uku a wani kamfanin leda a Sharaɗa, Kano. To jiya mun je wajen manajan, kuma amsarsa ce ta hana ni barci: "Alhaji, sai haƙuri, yaron nan ba ma'aikacinmu ba ne, ɗan kwangila ne." Ya miƙo ambulan, wai na jaje.

Ɗan kwangila? Shekara huɗu yaron nan yana sa hannu a rajista ƙarfe bakwai na safe. Ya makara minti goma, a zaftare masa kuɗi. Injin nasu ne. Rigar aikin da jini ya ɓata, tambarinsu ne a ƙirjinta. Ranar da mahaifiyarsa ta kwanta asibiti ya roƙa ƙaninsa ya riƙe masa aikin kwana biyu, suka ce ba a yin haka a nan. Wane ɗan kwangila ake yi wa wannan iko?

Ɗan kwangila kowa ya san shi. Mai walda ne da ka kira ya haɗa maka ƙofa, ya zo da injinsa da yaransa, ku yi jinga, ya gama ya karɓi kuɗinsa ya wuce gaba. Tun 2008 Kotun Ƙoli, a shari'ar Shena Security da Afropak, ta zayyana abubuwan da ake dubawa: albashi ake biya ko kuɗin jinga, wa ya kawo kayan aiki, wa ya yanka lokacin aiki, kuma mutum yana da damar turo wani a madadinsa ko babu. Ku ɗora yaron nan a kan wannan ma'auni ku gaya mini inda ya faɗo.

Masu ce mini "ai ba shi da takardar ɗaukar aiki", ku dakata. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da wanda aka ɗauka da fatar baki, da na wucin gadi, da leburan rana, har ɗan koyo. Masu cewa kamfanoni na fama da tsadar dizal kuwa, abin da dokar ta ce a zuba wa asusun NSITF, wato hukumar gwamnati da ke biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, kashi 1 ne cikin 100 na jimillar albashi, kuma daga aljihun kamfani, ba a taɓa kuɗin ma'aikaci. Don gudun wannan kashi ɗayan ake sauya wa mutum suna ranar da ya zubar da jini. Ƙaddara mun yarda da ita, amma ba ta goge haƙƙi.

Da asuba na sami yaron zaune bakin gado yana ƙoƙarin ɓalle maɓallin riga da hagu, ya ƙi bari a taimaka masa. Shekararsa ashirin da shida, an sa bikinsa bayan Sallah. Wallahi sai da na fita waje. Za mu kai maganar ofishin NSITF, in ta kama har Kotun Ma'aikata.

Af, abokan aikinsa sun ce murfin kariyar injin an daɗe da cire shi don aiki ya yi sauri. Washegarin haɗarin aka wanke injin, aka tsayar da wani yaron a kansa, murfin kuma har yanzu yana jingine a sito.