Gulmar da Muke Kira Roƙon Addu'a

Salama a gare ku, 'yan'uwa. A makon nan abin ya sake faruwa a wani guruf na WhatsApp na masu bi a nan Kaduna, kuma zuciyata ta ƙi barina in yi shiru. Saƙon murya ne mai tsawo. Ya buɗe da "jama'a, a sa 'yar'uwarmu a addu'a," daga nan sai sunanta, sai unguwarsu, sai abin da mijinta ya faɗa mata, sai yawan bashin da ake bin su, har da ranar da ta kwashe kayanta. Roƙon addu'ar jimla ɗaya ce tak. Sauran duka asirin gidan wata aka baje a gaban kowa. Aka yi ta rubuta "Amin" a ƙasa, a bayan fage kuma kira ya fara shiga: "Ke, wai me ya faru ne takamaimai?"

Gulma ce. Abin da ya sa take da wuyar magani a cikinmu shi ne, mashayi ya san ya sha, mazinaci ya san abin da ya aikata, amma wanda ya yi wannan yakan koma gida da murna yana ganin ya yi wa Allah aiki. Ba ya tuba, don bai ga abin tuba ba. Ku duba Romawa 1:29-30 ku ga inda Bulus ya ajiye matsegunta da masu yanke: jeri ɗaya da kisankai da ƙin Allah.

Ga yadda abin yake tafiya, kusan kullum hanya ɗaya. Baki na farko shi ne wanda aka ba amana. Wata ta zo tana kuka ta faɗa miki damuwarta, ke kuma kika ce wa ƙawarki ɗaya kawai, "tsakanina da ke." Baki na biyu ba ya ƙara labari, fassara yake ƙarawa: "ni dai ina zargin akwai wata a waje." Baki na uku yakan ce "wai." Baki na huɗu ya yar da "wai" ɗin, zargi ya zama tabbas. Kafin Lahadi biyu maganar ta isa kunnen dangin miji ko na dattawan ikkilisiya, kuma babu mutum ɗaya a cikin jerin nan da zai yarda ya yi ƙarya, don kowa ɗan kaɗan ya ɗora.

Yarinya ta yi amai a wajen koyon waƙa, zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, kafin ta warke an yi mata ciki da baki, iyayen saurayin da ke shirin kawo gaisuwa sun ja da baya. Ɗan'uwa ya rame, an gan shi sau biyu a asibiti, an riga an raɗa wa ciwonsa suna, mutane sun fara janye 'ya'yansu daga gidansa. Ma'aji ya sayi babur da kuɗin adashinsa, sai ka ji "Allah dai ya tsare mana kuɗin baiko." Gwauruwa ta sa sabon zane. Matashi ya daina zuwa addu'ar tsakiyar mako saboda an mai da shi aikin dare. Kowannensu an "sa shi a addu'a" a Sabon Tasha, an ƙarasa shi a Narayi, ya dawo ta unguwar Television da kayan da ba nasa ba.

Iyayena maza, kada ku karanta wannan kuna kallon zumuntar mata. Abin da ake yi a gindin bishiya bayan taron kwamiti, da teburin mai shayi, da cikin mota a hanyar dawowa daga jana'iza, shi ne dai wannan. Ku kuna kiransa "tattauna lamarin ikkilisiya." Faston da aka yi wa kaca-kaca a bakin ƙofar coci bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin ƙorafin a ofishinsa ba.

Na san amsar da take bakin wasu: "Ai ba ƙarya na yi ba." To, ku buɗe 1 Sama'ila sura 21 da 22. Doyeg mutumin Edom ya ga Dawuda a Nob da idonsa. Ya ga firist Ahimelek ya ba shi gurasa da takobin Goliyat. Da ya tashi ba da labari ga sarki Saul, wanda Dawuda yake guje wa, abin da ya gani ya faɗa. Abin da bai shiga labarin ba shi ne Dawuda ya ce wa firist sarki ne ya aike shi, don haka Ahimelek bai san yana taimakon mai gudu ba. Rabin gaskiya, a kunnen mutumin da zuciyarsa ta riga ta cika da kishi. Firistoci 85 aka kashe a ranar, kuma da hannun Doyeg ɗin, bayan fadawan sarki sun ƙi. Abin da kika gani yana iya zama gaskiya, amma ba ki ga duka ba, kuma ba ki san abin da mai sauraronki zai yi da shi ba. Karin Magana 18:17 ta riga ta gargaɗe mu cewa wanda ya fara kawo ƙara shi ake ganin mai gaskiya, sai an ji ɗaya ɓangaren.

Yaya za ki gane kin tsallake iyaka? Kafin ki buɗe baki, auna bayanin da kike shirin bayarwa da abin da addu'ar take bukata. Don a roƙa wa gida salama ba a bukatar sanin wanda ya fara zagi. Duk abin da ya haura bukatar addu'a, don kunnen mutane kika ƙara shi, Allah ya riga ya sani. Sannan tambayi kanki ko ke kin durƙusa kin yi mata addu'ar kafin ki nemi a taya ki. Sau da yawa amsar a'a ce. Ki lura da muryarki kuma: in kin rage ta, kin waiga, kin ce "kada ki ce ni na faɗa," jikinki ya riga ya ba da shaida a kanki. Da a ce mai maganar ta shigo a daidai lokacin, za ki ƙarasa jimlar yadda kika fara ta?

Akwai alama ɗaya da ta fi waɗannan tsanani, ita ce daɗin. Karin Magana 18:8 ta kwatanta maganar mai tsegumi da loma mai daɗi da ke gangarawa can cikin ciki, kuma an maimaita wannan a 26:22. Wannan ɗan zumuɗin da kake ji in ka riga kowa samun labari, da ƙaiƙayin da ke hana ka zama sai ka kira wani, ba nawayar Ruhu ba ce. Wanda damuwar ɗan'uwansa ta dame shi da gaske, nauyi yake ji, bakinsa ma yakan mutu.

Mai sauraro kuma, kada ka ce kai ba ka ce komai ba. Karin Magana 26:20 ta ce inda babu itace wuta takan mutu, kuma kunnenka ne itacen. "Kai, haba!" da "sai kuma me?" su ne suke ba mai magana ƙarfi. Ba sai ka yi wa'azi ko ka kunyata kowa ba. Ka ce, "Mama, ta san kina gaya mini?" Ko ka ce, "Baba, tunda abin ya dame ka, mu je wurinsa tare gobe." Ko kuwa, "Dakata a nan, mu yi addu'ar yanzu, ba sai na ji sauran ba," sannan ka sunkuyar da kai ka yi ta da gaske. Wanda ya zo da nufin addu'a zai ji daɗi. Wanda ya zo da wani nufin ba zai sake kawo maka ba. Za a ce kana da tsauri na ɗan lokaci, amma ranar da wani ya shiga matsala ta gaske, ƙofarka zai ƙwanƙwasa.

Ba cewa nake a daina taya juna addu'a ba, Allah ya sawwaƙe. A yi shi da tsari ne. Ki nemi izinin mai damuwar, kuma ki tambaye ta dalla-dalla: wa da wa zan gaya wa, me zan faɗa, me zan bari? In ta ce fasto kaɗai, to fasto kaɗai, ban da mijinki, ban da babbar ƙawarki. In babu izini, a cire suna, a cire kwatance ma. A cocin da kowa ya san kowa, "wata 'yar'uwa mai 'yan biyu da mijinta direba ne" suna ne cikakke. "Akwai iyalin da ke bukatar salama" ya wadatar. Masu kula da guruf, wannan aikinku ne: ku sa doka cewa roƙon addu'a da ya shafi wani mutum ya bi ta hannun mutum ɗaya, uwar zumunta ko magatakarda, a tace shi kafin ya fito. WhatsApp ya ba ku ikon goge saƙon kowane mamba daga wayar kowa. Ku yi amfani da shi nan take, kada ku tsaya jin nauyi don mai saƙon ta girme ku. Kuma hoton hirar da wani ya yi da kai a keɓe amana ce, tura shi cin amana ne ko da ba ka ƙara harafi ɗaya ba.

To in zunubi ne na gaske fa, ka gani da idonka? Ubangiji bai bar mu a duhu ba. Matiyu 18:15-17 ta jera matakai: ka je wurinsa kai kaɗai, in bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi, sannan a kai gaban ikkilisiya. Mu kuwa daga ƙarshe muke farowa. Ikkilisiya duka ta ji, mutum biyu sun tattauna, shi mai laifin ne na ƙarshen sani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: fuskantar mutum ido da ido yana bukatar ƙarfin hali da tawali'un da Galatiyawa 6:1 ta nema, faɗa a bayansa kuwa kyauta ne. Kuma ga illar tsallake matakin farko: wanda aka riga aka tona ba shi da sauran abin karewa, sai ya taurare, ya musa, ko ya tattara iyalinsa ya koma wata coci da zunubin nasa ba a taɓa shi ba. In dattijo ne ko fasto ake zargi, 1 Timoti 5:19 ta ce kada a karɓi ƙara sai da shaidu biyu ko uku, kuma mutum uku da suka ji daga baki ɗaya shaida ɗaya ce.

A nan dole in ja layi, don kada wani ya ɗauki maganata ya rufe bakin wanda ake zalunta. In ana lalata da yaro, in ana dukan mace, in wani yana maganar kashe kansa, in ana cin kuɗin marayu, shiru ba rufin asiri ba ne, haɗa kai ne da mugunta. A kai wa wanda zai iya hanawa: fasto, dattawa, asibiti, 'yan sanda. Mutanen gidan Kuluwi sun kai wa Bulus labarin tsattsaguwar ikkilisiyar Koranti, shi kuma ya ambace su a fili a 1 Korantiyawa 1:11. Sun kai wa mai iya gyara, kuma ba su ɓoye fuskarsu ba. A nan rahoto ya bambanta da tsegumi.

Mu mutanen garin nan ma bai kamata a tuna mana ba. Wanda ya ga rikice-rikicen Kaduna na 2000 da 2002 da 2011 ya san abin da "an ce ana tahowa" yake jawowa. Saƙon da ba ka san wanda ya naɗa ba, ko yaushe, ko a ina, kada ka tura shi don kawai an rubuta "a yi addu'a" a kansa.

Saura wanda ya riga ya faɗa. Tuba a ɗaki bai ƙare aikin ba, don sunan da ka ɓata yana waje. In saƙo ne, ka goge shi wa kowa tun bai wuce kimanin kwana biyun da WhatsApp yake bayarwa ba, ko da yake wanda ya ji ya riga ya ji. Sai ka koma wurin kowane mutum da ka gaya wa, ɗaya bayan ɗaya, ka ce, "Abin da na faɗa maka a kan wane, ba ni da hurumin faɗa, kuma ban san duka ba. Kada ka kai shi gaba." A guruf ka faɗa? A guruf za ka janye. In maganar ta riga ta kai ga mai ita ko ta jawo mata asara, ka je da ƙafarka. Kada ka ce "in na yi miki laifi ki yafe ni," wannan "in" ɗin guje wa laifi ne. Ka ambaci abin da ka faɗa da waɗanda ka faɗa wa, ka bar ta ta yi fushinta, kada ka tilasta mata yafewa a tsaye. In kuwa ba ta ji ba, kuma jin zai ƙara mata ciwo ne kawai, ka gyara wurin masu sauraro, ka nemi shawarar dattijo mai riƙon amana ba tare da ka sake zuba masa labarin ba.

Shugabanni, ku ma don Allah. Abin da aka faɗa a ɗakin shawara kada ya zama misali a wa'azin Lahadi, ko an sauya suna, jama'a suna ganewa. Mama fasto, abin da baba ya ji a ofis ba gadon gida ba ne. Wanda aka sa ƙarƙashin horo ya tuba aka karɓe shi, a daina gabatar da shi ga baƙi da tsohon laifinsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mutane nawa ne ke zaune a benci ɗaya da mu suna mutuwa a tsaye da damuwar aure, da bashi, da jarabar da suka kasa yi wa kowa bayani, don sun ga abin da aka yi wa wadda ta buɗe baki kafin su? Mu muka rufe musu ƙofa. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24, in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon ka je tukuna. Ina roƙonku saboda sunan Almasihu, kada ku miƙa hannu ga Jibin Ubangiji da sunan wani a tsakanin haƙoranku. Kun san ko wane ne. Ku je wurinsa kafin Lahadi.